Ƙaramin Racet: Ilmin Zaɓen Makwancin Sukuru Don Matsattsen Wuri

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin kanikawa a Gusau, ko a rumfar masu gyaran babur a bakin titin Tsafe, ya sha ganin wannan matsala. Bakanike yana kallon sukurun da yake son kwancewa, har yana iya taɓa shi da yatsa, amma sukudireba ta ƙi shiga domin tsawonta ya fi sararin da ke wurin. Sai ya karkata ta, ya murɗa da ƙarfi, bakinta ya zame, ramin da ke kan sukurun ya cinye. Aikin da ya kamata a gama cikin minti biyar ya koma na yini guda, domin sai an sauke wasu sassan injin kafin a kai ga sukurun da ya lalace. Mai babur ya yi asarar cinikin ranar. In kuwa injin ban-ruwa ne na wani manomin rani a Bungudu, to shukarsa ce za ta kwana da ƙishirwa.

Garin Gusau ya daɗe da sanin injuna. Tun a 1929 layin dogo daga Zariya ya ratsa ta garin ya kai Ƙaura Namoda, daga baya masana'antun auduga da saƙa suka biyo, sannan garin ya zama babban birnin Jihar Zamfara a 1996. Sai dai injunan farko manya ne, notinansu a fili suke, sifana mai tsawo tana samun wurin juyawa. Injunan yanzu kuwa, irin su babur da Keke Napep da ƙaramin janareta da injin ban-ruwa, an matse sassansu wuri guda domin a rage nauyi da tsada. Wannan ne ya sa aka ƙera ƙaramin racet mai cin bakunan sukudireba, wanda tsawonsa bai wuce na yatsa ba ko ya ɗan ɗara.

A kasuwa akwai irinsa da yawa, kuma a ido duk kamarsu ɗaya. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa ɗalibi cewa zaɓen wanda ya dace aikin awo ne da lissafi, kuma lissafin bai wuce wanda ake koyarwa a sakandare ba: kusurwa, kewayen da'ira, da ƙa'idar liba. Kanikawa kan kira kowane maɗauri noti. A nan za mu ce sukuru idan akwai rami a kansa wanda baki ke shiga, mu ce noti idan kansa mai kusurwa shida ne da sifana ke kamawa.

Yadda racet yake aiki

Ɗalibin da ke hawa keke ya riga ya san racet ko da bai san sunansa ba. Idan ya taka feda gaba, ƙafar baya tana juyawa. Idan ya daina takawa, ko ya mai da feda baya, sai ya ji ƙara tik-tik-tik daga firiwil, keke kuwa na ci gaba da tafiya. Abin da ke cikin firiwil shi ne ke cikin racet: haƙora masu karkata a jere cikin da'ira, da wani ɗan ƙarfe da za mu kira harshe, wanda sifirin ke danna shi a kan haƙoran. Idan aka juya ta ɓangare ɗaya, harshen yana tokare haƙori, sai su tafi tare. Idan aka juya ta ɗaya ɓangaren, harshen yana hawa gangaren haƙori ya faɗa cikin rami na gaba, kuma wannan faɗawa ce ke ba da ƙarar da muke ji. Irin wannan dabara ce ke riƙe birkin hannu na mota, ita ce kuma ke cikin maɗaurin bel da ake ɗaure kaya da shi a kan manyan motoci.

An daɗe ana amfani da dabarar a agogo da na'urorin ɗaga kaya. A 1863 wani Ba'amurke mai suna J. J. Richardson, mutumin garin Woodstock a Jihar Vermont, ya yi rajistar sifana mai racet wadda ake sauya mata soket gwargwadon girman noti. Ƙaramin racet da muke magana a kansa jikan wannan sifana ne. Bambancinsa shi ne, a maimakon soket, akwai rami mai kusurwa shida a tsakiyar faifansa, inda ake cusa bakin sukudireba. Faɗin wannan rami kwata ɗin inci ne, wato milimita 6.35, kuma ƙa'ida ce da masana'antun duniya suka amince da ita. Saboda haka bakin da aka yi a Jamus yana shiga racet ɗin da aka yi a Sin ko Japan. Gajeren baki na yau da kullum tsawonsa milimita 25 ne.

Amfanin racet shi ne ba sai an cire baki daga kan sukuru an sake sa shi ba bayan kowane juyi. Hannu yana kai da komo, sukuru kuwa yana tafiya ta hanya ɗaya. Akwai abubuwa biyar da ake dubawa wajen kwatanta wani da wani.

Na farko: tsayin kai

Tambayar farko ita ce, shin kayan aikin zai shiga wurin? Abin da ake aunawa shi ne tsayin racet tare da bakinsa a ciki, daga ƙarshen baki zuwa bayan kai. A wasu, bakin yana nutsewa cikin faifan, don haka tsayin duka bai fi milimita 25 ɗin bakin da yawa ba. A wasu kuwa, musamman racet ɗin soket da aka ɗora wa mahaɗi domin ya karɓi baki, tsayin kan kusan ninka haka.

Akwai tarko a nan wanda har gwanaye kan faɗa ciki. Sukuru yana tasowa yayin da ake kwance shi, yana kuma tura racet ɗin baya. A ce tsakanin kan sukuru da bangon inji akwai milimita 45, kuma sukurun sai ya taso milimita 12 kafin ya fita. Racet mai tsayin milimita 28 zai gama aikin, domin 28 da 12 sun zama 40, saura 5. Mai tsayin milimita 38 zai shiga lafiya, ya fara kwancewa, amma da sukurun ya taso milimita 7 sai bayan racet ya tokari bango. Ga shi bai fita ba, ga shi sukurun bai kwance ba. Idan ɗan makunnin da ke sauya hanyar juyi yana wurin da yatsa ba ya kaiwa, to ko mai da sukurun ciki ba zai yiwu ba. Ƙa'idar ke nan: tsayin kayan aiki, a tara da tsawon da sukuru zai taso, kada ya kai faɗin sararin. Wanda ba shi da ma'auni na musamman yana iya yanka tsinke daidai da sararin, ya fito da shi ya auna a jikin rula.

Na biyu: yawan haƙora da kusurwar lilo

Tambaya ta biyu ita ce, bayan ya shiga, zai sami wurin kai da komo? Kafin racet ya ci gaba da aiki dole ne a mai da ƙotarsa baya har harshe ya tsallake haƙori ɗaya aƙalla. Da'ira digiri 360 ce. Idan aka raba 360 da yawan haƙora, sai a sami mafi ƙarancin kusurwar da ƙota ke bukata:

Haƙora 24: digiri 15
Haƙora 36: digiri 10
Haƙora 48: digiri 7.5
Haƙora 60: digiri 6
Haƙora 72: digiri 5
Haƙora 90: digiri 4

Auna digiri a cikin inji yana da wuya, amma auna milimita ba shi da wuya, don haka bari mu juya lissafin. Idan tsawon ƙota daga tsakiyar kai zuwa ƙarshenta milimita 100 ne, to ƙarshen nan yana zana da'ira mai kewayen 2 × 3.14 × 100, wato milimita 628. A raba wannan da yawan haƙora. Mai haƙora 24 yana bukatar ƙarshen ƙotarsa ya yi tafiyar kimanin milimita 26 kafin ya kama haƙori na gaba. Mai 36 yana bukatar 17, mai 60 yana bukatar 10 da rabi, mai 72 kuwa bai kai 9 ba. Idan bututun salansa da firam ɗin babur sun bar wa ƙota tafiyar milimita 20 kacal, mai haƙora 24 zai yi ta lilo a banza, sukuru ko motsi ba zai yi ba, alhali mai haƙora 72 yana tsallake haƙora biyu a kowane komo.

Abin lura kuma shi ne, gajeriyar ƙota tana rage tafiyar. Mai haƙora 36 da ƙota mai milimita 60 yana bukatar kimanin milimita 10 da rabi, daidai da mai haƙora 60 da ƙota mai milimita 100. Saboda haka ba a duba yawan haƙora shi kaɗai, sai an haɗa da tsawon ƙota. Alal misali, kamfanin Wera na Jamus ya bayyana cewa ƙaramin racet ɗinsa mai suna Zyklop Mini 1 yana da haƙora 60 da tsawon milimita 87. Ɗalibi yana iya lissafa kusurwarsa da kansa.

Yawan haƙora yana shafar saurin aiki ma. Noti mai lamba M6, wanda sifana 10 ke kamawa, yana tafiyar milimita 1 a kowane zagaye. Fitar da milimita 10 na zarensa, wanda kanikawa ke kira tiredi, yana bukatar zagaye 10, wato digiri 3,600. Idan sararin ya ba da damar lilon digiri 20, mai haƙora 24 yana cin digiri 15 ne kawai a kowane lilo, sauran 5 sun tafi a banza, don haka sai ya yi lilo 240. Mai haƙora 72 yana cin digiri 20 ɗin duka, ya gama a lilo 180.

Akwai racet masu harshe biyu da aka jera su ta yadda ɗaya na kamawa a tsakiyar tazarar ɗayan, sai faifai mai haƙora 60 ya ba da matsaya 120. Akwai kuma waɗanda ba su da haƙora sam, sai wasu 'yan mulmulallun ƙarafa da ke maƙalewa idan aka juya ta hanya ɗaya. Waɗannan ba sa ƙara, kuma lilonsu kaɗan ne ƙwarai.

Na uku: taurin komowa

Wannan siffa ba a rubuta ta a jikin kwali, amma sau da yawa ita ce ke raba mai kyau da maras kyau. Yayin da ake mai da ƙota baya, harshe yana goga haƙora, sifirin kuma yana danna shi. Wannan gogayya tana jan faifan baya da ɗan ƙarfi. Muddin sukuru na da tauri, zai tsaya cik harshe ya tsallake. Amma da zarar ya saki, ƙarfin da ke riƙe da shi ya gaza na gogayyar, sai ya riƙa bin ƙota gaba da baya, ƙarar tik-tik ta ɗauke, aiki ya tsaya. A fili, sai mutum ya ƙarasa da yatsa. A matsattsen wuri kuwa yatsa ba ya shiga.

Saboda haka racet mai laushin komowa ya fi mai tauri, ko da haƙoransa sun fi kaɗan. Masana'antu da yawa suna sa wani ɗan faifai mai kaushi a bayan kai, wanda ake murzawa da babban yatsa. Da shi ake hana faifan komowa, da shi kuma ake saurin ƙarasa sukurun da ya riga ya saki, a huta da lilo ɗari. Ga mai aiki a lungun inji, wannan ɗan faifai abin nema ne.

Na huɗu: ƙarfin murɗawa

Tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, masanin nan na Girka, Arkimidis, ya bayyana ƙa'idar liba. Ƙarfin murɗawa shi ne ƙarfin da aka sa, a ninka shi da nisan inda aka sa shi daga tsakiyar juyi. Ana auna ƙarfi da niwuton, nisa da mita, ƙarfin murɗawa kuma da niwuton-mita. Nauyin kilogiram 10 kusan niwuton 100 ne. Idan mutum ya danna ƙarshen ƙota mai milimita 100, wato mita 0.1, da irin wannan ƙarfi, ya samar da 100 × 0.1, wato niwuton-mita 10.

Mu kwatanta da abin da maɗaurai ke bukata. Noti M6 na ƙarfe mai lambar ƙarfi 8.8 ana ɗaure shi da kimanin niwuton-mita 10, M5 kimanin 6, M4 kimanin 3. Idan kuwa cikin alminiyam ko roba ake ɗaurawa, abin da ake bukata bai ma kai haka ba. Darussa biyu ne a nan. Na ɗaya, ƙaramin racet ya isa ƙananan maɗaurai, har ma yana iya wuce gona da iri. Ƙotarsa ta fi hannun sukudireba ba da ƙarfin murɗawa ninki da yawa, don haka wanda bai kula ba zai cinye zaren kafireta ko ya karya sukuru. Wajen ɗaure ƙaramin sukuru, a riƙe ƙota kusa da kai da yatsu biyu ko uku. Na biyu, ba a yi shi domin manyan notina ba, irin na ƙafar babur ko na kan silinda. Zura masa bututu domin a ƙara tsawon ƙota yana ninka ƙarfin da ke kan haƙora, kuma idan suka ɓalle, hannun mai aiki ne ke dukan ƙarfe.

Akwai tsohon zance cewa manyan haƙora sun fi ƙanana ƙarfi. Wannan gaskiya ne idan harshe haƙori ɗaya yake tokarewa. A racet na zamani mai inganci, harshen kansa yana da haƙora da dama da ke shiga na faifai lokaci guda, sai nauyin ya rarrabu a kansu. To amma ƙananan haƙora suna bukatar ƙira mai daidaito da ƙarfe mai tauri. Idan na araha ne da aka yi da ƙarfe mai laushi, ƙananan haƙoran sun fi saurin cinyewa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Mai haƙora 36 na ƙwarai ya fi mai haƙora 72 na jabu.

Na biyar: baki da yadda ake riƙe shi

Komai kyan racet, baki ne ke taɓa sukuru, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Sukurun da kanikawa ke kira sita ba iri ɗaya ba ne. Akwai na Phillips, wanda ya yaɗu daga masana'antun motoci na Amurka tun 1936, bakunansa na ɗauke da lambobin PH1, PH2 da PH3. Akwai Pozidriv, mai lambar PZ, wanda ake gane shi da wasu 'yan layuka huɗu a tsakanin rassan ramin. Akwai kuma na ƙa'idar Japan, wato JIS, wanda ake samu a baburan Honda da Yamaha da Suzuki, sau da yawa da ɗan ɗigo a gefen ramin. Duk ukun kamarsu ɗaya a ido, amma kusurwoyin raminsu sun bambanta, kuma bakin wani ba ya zama daram a cikin wani. Ban da su akwai mai rami mai kusurwa shida da ake kwancewa da alanki, sunan da ya samo asali daga kamfanin Allen na Amurka wanda ya yi rajistar ƙirarsa a 1910. Akwai kuma Torx mai siffar tauraro mai tsini shida, wanda aka fito da shi a 1967, mai lambobi irin su T20 da T25 da T30.

Bakin Phillips tsukakke ne zuwa ƙasa kamar tsinin mashi. Saboda wannan karkata, wani ɓangare na ƙarfin murɗawa yana komawa ƙarfin da ke tura bakin waje. Da sukudireba, tafin hannu ne ke danna ta ciki. Da racet kuwa hannu na gefe, don haka dole ne a ɗora yatsa a bayan kai a danna yayin da ake murɗawa. Racet mai shimfiɗaɗɗen baya ya fi sauƙin dannawa. Ramin alanki da na Torx bangayensu a miƙe suke, ba sa tura baki waje sosai, shi ya sa suka fi daɗin aiki a lungu.

A duba kuma abin da ke riƙe bakin a cikin kai. Wasu maganaɗisu ne, wasu zoben sifirin, wasu ɗan ƙwallon ƙarfe. Idan riƙon ya yi sako-sako, bakin zai zauna a kan sukuru lokacin da aka janye racet, ko ya faɗa cikin inji, nemansa ya zama wani aikin. Bakunan da aka rubuta wa S2 an yi su da ƙarfe mai tauri da ke jure murɗawa, jikin racet kuma galibi akan rubuta masa Cr-V. Rubutu dai ba shaida ba ne, domin mai jabu ma ya iya rubutu.

Misalin kwatantawa

A ce an ajiye racet uku a gaban ɗalibi. Alƙaluman na darasi ne kawai. Na farko haƙoransa 72, tsayinsa da baki milimita 28, ƙotarsa milimita 90, yana da faifan yatsa, komowarsa da laushi. Na biyu haƙoransa 36, tsayinsa 27, ƙotarsa 60, ba shi da faifan yatsa. Na uku haƙoransa 48, tsayinsa 40, ƙotarsa 140, ginanne ne mai kauri.

Mai gyaran keken ɗinki da fanka a Gusau yana fama da ƙananan sukurori da ke saki da wuri, a wurare marasa tsayi. Ƙarfi ba matsalarsa ba ne, laushin komowa da faifan yatsa yake bukata, don haka na farko ne nasa. Mai gyaran babur a Tsafe da ke son kai wa ga sukurun da ke bayan kafireta, inda ƙota mai tsawo ba ta ma shiga, na biyu ne zai fisshe shi, ko da yake haƙoransa sun fi kaɗan. Manomin Bungudu da ke kwance notinan M6 na murfin injin ban-ruwa yana da sarari, amma notinan sun sha ruwa da laka. Shi na uku ya fi dacewa da shi, tare da mahaɗin da ke karɓar soket 8 da 10, kuma ya tuna cewa mahaɗi da soket suna ƙara tsayi. Ashe ke nan ba za a ce wane ne ya fi kyau ba sai an san wurin da zai shiga da abin da zai kwance.

Gwaji kafin saye

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A sa baki a cikin racet, a riƙe bakin da yatsu, a juya ƙota zagaye ɗaya cikakke ana ƙirga ƙara. Adadin ƙarar shi ne adadin matsaya, ko me aka rubuta a kwali. A saurara ko ƙarar na fita daidai da daidai, ba tare da tsallake ko maƙalewa ba. A riƙe bakin sako-sako tsakanin yatsu biyu a mai da ƙota baya. Idan bakin ya bi ƙota, komowar na da tauri. A karkata bakin hagu da dama a ga ko yana rawa a cikin ramin. A kifa racet a girgiza a ga ko bakin zai faɗo. A sauya hanyar juyi da yatsa ɗaya, domin a lungu hannu ɗaya ake da shi. Daga ƙarshe a auna tsayinsa da rula.

Kulawa da kiyaye haɗari

Ƙurar hunturu da yashin da iska ke ɗauko wa a ƙasar Zamfara abokan gaba ne ga ƙananan haƙora. Idan ƙura ta haɗu da maiko sai ta zama kamar garin wasa wuƙa, ta riƙa cin haƙoran a hankali. A riƙa goge racet bayan aiki, a ajiye shi cikin akwati ko jaka, kada a bar shi a ƙasa. A ɗiga masa mai marar kauri. Giris mai kauri yana cika ramukan ƙananan haƙora ya hana harshe zama sosai, sai ya riƙa zamewa. Sukurun da ya yi tsatsa a fara jiƙa shi da man kwance tsatsa, a fasa taurinsa da kayan aikin da aka yi don haka, kamar sukudirebar da ake duka da guduma, sannan racet ya ƙarasa. Kada a doki racet da guduma. Da yake jikinsa duka ƙarfe ne, a kashe inji, a cire wayar batir ko ta lantarki kafin a zura shi ciki, a kuma bar salansa ta huce.

Kammalawa

Mun ga cewa abubuwa biyar ake dubawa: tsayin kai tare da tasowar sukuru, kusurwar lilo tare da tsawon ƙota, taurin komowa, ƙarfin murɗawa, da dacewar baki. Uku daga cikinsu ana samun amsarsu da rula da lissafin tarawa da rabawa da ninkawa. Ɗalibin da ke koyon sana'a a gareji bayan an tashi daga makaranta, da wanda ke fatan shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, da ɗalibar da ke shirin shiga Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gusau, duk za su sake haɗuwa da waɗannan ƙa'idoji a injuna manya da ƙanana. Su saba tun yanzu da auna wuri kafin su ɗauki kayan aiki.

Aikin aji da tambayoyi

1. Malami ya kawo tsohon firiwil na keke. Ɗalibai su juya shi zagaye ɗaya su ƙirga ƙara, su lissafa kusurwar kowace matsaya.

2. A yanka faifai biyu na kwali masu girma ɗaya, ɗaya mai haƙora 8, ɗaya mai 16. A kafa su a kan katako da ƙusa, a yi harshe da tsinken ashana da roba. A auna kusurwar kowanne da ma'aunin kusurwa, a kwatanta da abin da lissafi ya bayar.

3. Racet yana da haƙora 48 da ƙota mai milimita 120. Milimita nawa ƙarshen ƙotar zai yi tafiya kafin harshe ya tsallake haƙori ɗaya?

4. Sarari milimita 50 ne, sukuru zai taso milimita 16. Mene ne iyakar tsayin racet da zai gama aikin, idan ana son a bar rarar milimita 3?

5. Ɗalibi ya danna ƙota mai milimita 80 da ƙarfin niwuton 75. Lissafa ƙarfin murɗawa, ka kuma faɗi abin da zai iya faruwa idan sukurun M4 ne.

6. Bayyana dalilin da ya sa bakin Phillips ke zamewa waje idan ba a danna shi ba, alhali na alanki bai cika yin haka ba.